Yadda Za Ka Wargaza Aikin Rukuni da Maɓalli Ɗaya

Ɗan'uwa mai karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, in malam ya haɗa ka aikin rukuni da mutanen da jininku bai haɗu ba, kada ka ɓata yawunka. Maɓallin Tab ya ishe ka.

Fara da leƙen yadda suka saita tazarar farkon layi. A VS Code duba can ƙasa ta hannun dama, za ka ga Spaces: 4, wato gibi 4 ga kowane layin da ya shiga ciki, yadda ƙa'idar Python mai suna PEP 8 ta tsara tun 2001. Kai kuma sai ka danna wurin ka koma Tab, amma ka bar faɗinsa a 4. A nan gwanintar take: a ido komai ya jeru tsaf, ba wanda zai ga bambanci. Python 3 kuwa ba da ido yake kallo ba. Da ya tarar da layinka a tsakiyar nasu sai ya tirje, ya ce TabError. Ka daidaici daren da za a miƙa aiki, an ɗauke wuta, cajin kwamfuta saura ƙiris.

In asirinka ya tonu, buɗa faɗin zuwa 8 ka ce haka masu rubuta Linux suke yi. Ba ƙarya ka yi ba. Cewa su da harshen C suke aiki, wannan ka bar wa cikinka.

Mai tsohon Vim ya fi kowa morewa. Kunna autoindent, ka kwafo kod daga WhatsApp ka liƙa. Kowane layi zai zarce na samansa, kamar kunyar da sabon ɗan ƙodago ya ja. Maganin :set paste ne, kada ka faɗa wa kowa. A Makefile kuma juya dabarar, sa gibi inda Tab ya wajaba.

Wadda za ka kiyaya ita ce 'yar rukunin nan mai natsuwa, wadda za ta ajiye fayil ɗin .editorconfig domin editan kowa ya bi ma'auni ɗaya. Tana iya ma kawo maka binciken Stack Overflow na 2017, wanda ya nuna masu amfani da gibi sun fi masu Tab albashi da kusan kashi 8.6 cikin 100. Ce mata a fara biyan albashin tukuna, sai a yi maganar.