Wasiƙa Daga Ƙarƙashin Ƙasa

Daga birnin Niyok, ƙasar Amurka, zuwa Adarbisanat.

Zuwa ga taubashina, abokin wasa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta raƙuman nan naka uku waɗanda kake kira garke, amma ba'adu, saƙonka ya iske ni, na kuwa ji tambayar da ka yi, wai a hawa na nawa nake kwana cikin benayen da kake gani a waya, kuma ko ɗakina ya ɗara hasumiyar masallacin Agadas tsawo. To, tun da yake ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, ka sani hasumiya ta yi sama mita 27, ni kuwa matakala goma sha biyu nake sauka kafin in kai shimfiɗata.

Ɗakin nan sunansa besmen, kuma asalinsa hikima ce ta magina, domin a ƙasar da sanyi ke daskarar da ƙasa har ta kumbura, wajibi ne harsashin gini ya nutsa ƙafa huɗu aƙalla, su kuwa mutanen nan, da yake ba su yarda da asara ba, sai suka ƙara haƙa, suka mai da ramin ɗaki, suka ajiye tukunyar ɗumama gida da tarkace, daga bisani suka ajiye irinmu. A wurinmu ba mai shiga ƙasa sai mahaƙin rijiya da gafiya da wanda wa'adinsa ya cika, amma ni ga shi na shiga da ƙafata, har ina biyan haya kowane wata. Tagata daidai take da gefen titi, saboda haka na san maƙwabtana duka ta takalmansu, in kuwa muka haɗu fuska da fuska sai na sunkuya kafin in san wa zan gaisar.

Babban al'ajabi shi ne sha'anin ruwa. Ku kuna haƙa rijiya gaba da yawa kuna roƙon Allah ya sa a tarar da shi, mu kuwa muna da ƴar rijiya a kusurwar ɗaki, da famfo a cikinta, wanda ba shi da wani aiki illa korar ruwan da ya zo ba a gayyace shi ba. Akwai kuma wata na'ura mai tatsar laima daga iska, wadda nake zubar da bokitinta kowace safiya, ina istigfari, domin na san da a bakin rijiyarku ne da an yi shari'a a kansa. Da na yi sakaci da ita mako biyu, sai babbar rigata ta salla ta yi fumfuna, cukun da Inna ta aiko mini kuwa ya tsiro gemu wanda ya fi naka cika.

Hidimar wurin ba ta da bambanci da yaɓen da muke yi kafin damina. Ina share indararo don kada ruwa ya taru a gindin bango, ina liƙe tsaga da siminti, ina ɗora akwatuna a kan katako, ina zuba wa famfo ruwa lokaci lokaci don in tabbatar yana raye. Wannan kuwa ba wasa ba ne, domin a daren 1 ga Satumba 2021, sa'ad da ragowar guguwar Ida ta sauka a birnin nan, an yi ruwa milimita 80 cikin sa'a guda, fiye da rabin abin da Agadas ke samu a shekara, har mutum goma sha ɗaya suka rasu cikin irin ɗakunan nan, galibinsu baƙi masu neman abinci kamarmu. Tun da na ji labarin ban ƙara ajiye kome a bakin ƙofa ba.

Sai kuma wani gwaji da mai gidan ya sa aka yi na wata iska mai suna radon, wadda ba ta da wari ko launi, aka ce daga yuraniyom na cikin duwatsu take fitowa. Na ce subhanallahi, ashe arzikin Arlit ne ya biyo ni, ni da ban taɓa cin ko dala daga gare shi ba.

Duk da haka ba na butulci, domin da hunturu, lokacin da na sama ke rawar ɗari, ni ne maƙwabcin tukunya, da bazara kuwa ɗakina kamar randa yake don sanyi.

Buƙatuna biyu ne. In kun fita roƙon ruwa, ku roƙi liman ya ambaci sunan gari sosai, kada a yi ɓatan adireshi. In kuwa Inna ta tambaya, ka ce mata gidan bene nake, hawa uku, ba ka yi ƙarya ba, sai dai duka ukun a kaina suke.

Wassalam. Naka, taubashinka na cikin rami.