Ranar da na koya wa Inna shanya

Duk wanda ya yi shekara biyu a Yamai, in ya dawo Guci sai ya zo da abin nunawa. Wasu babur, wasu Faransanci. Ni reshen romaran na zo da shi, ganyen ƙamshin nan na bakin tekun Bahar Rum, wanda Maroko da Tunisiya ke sayar wa duniya. Na dasa shi a fasasshiyar tukunya. Da yake tsiro ne mai son rairayi da ƙarancin ruwa, ƙasarmu ta karɓe shi, har ya kai gwiwa. Duk baƙon da ya shigo sai ya shinshina kafin in ba shi ruwa.

Cikin Afrilu na ce lokacin girbi ya yi. Na ɗauki lauje da tsakar rana, na aske shi har gindi.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ko zogale ba a yi masa haka. Da sanyin safiya ake yanka, a bar masa na tohowa, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa."

Na ce, "Inna, wannan ganyen Turai ne, ba tafasa ba."

Ta ce, "To, Mushe," ta ci gaba da tankaɗe.

Na baza shi kan rufin kwano, ana zafin da ya haura digiri 40. Ƙamshin romaran wani mai ne a cikin ganyen, zafi kuwa korar sa yake yi. Ranar dai unguwa ta sha ƙamshi kyauta, mutanen da ke hanyar Dungas ma ina jin sun samu rabonsu. Ni aka bar wa ƙirare jajaye, rabi iska ta kai gidan maƙwabta. Kututturen ma bai sake tohowa ba, don tsohon icensa ba ya fid da sabon ganye.

Duk da haka na sa uwargida ta barbaɗa a miyar kuka. Baba ya kai loma ɗaya, ya zaro tsinke daga haƙori, ya ɗaga shi gaban fitila.

"Wa ya karya tsintsiya a miya?"

Inna ta ce, "Ci a hankali, Malam, daga Turai take."

Ragowar na kai wa akuyar gida. Ta shinshina, ta dube ni, ta koma cin kwalinta.