Jama'ar Faifan Haɗaka

A Jamaika ta shekarun 1960 da 1970 waƙa ɗai-ɗai ake bugawa a ƙaramin faifan garmaho, a saurare ta a dandali, a wuce zuwa wata. Saboda haka wanda ba ya Kingston a lokacin, yawanci ta faifan haɗaka reggae ta iske shi: wani ya zauna a Landan ya tsinto waƙoƙi ya jera masa. Masu sayen irin wannan faifai kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai mai faifai ɗaya tilo, wato Legend na Bob Marley, wanda kamfanin Island ya haɗa a 1984, shekara uku bayan rasuwar mawaƙin. A wurinsa duk wanda ya tara gashi ya rera waƙa Bob Marley ne. Lucky Dube na Afirka ta Kudu Bob Marley ne, Alpha Blondy ma haka, kuma masu tura waƙa a waya sun ɗaure masa gindi, don har Majek Fashek sukan zuba a ƙarƙashin sunan. Ka ambaci Peter Tosh, sai ya ce, “Yaronsa ne?” Duk cikin jama'ar nan ba wanda ya kai shi kwanciyar hankali.

Malamin bayan kwali shi karatu ya saya. Idan ya samo faifan Studio One wanda kamfanin Soul Jazz ya sake bugawa, kafin waƙa ta yi nisa ya tsayar da ita, don ya sanar da kai cewa a titin Brentford Coxsone Dodd ya ɗauke ta, ga wanda ya kaɗa ganga, ga wanda ya busa ƙaho. Ko ƙanensa aka aiko da abinci sai ya sha darasi. “Yaya, tuwon zai huce.” “Tsaya tukuna, ka san Jackie Mittoo?”

Amma gogan naka shi ne mutumin dub. Asalin abin, injiniyoyi irin King Tubby, mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse, su ne suka riƙa ɗaukar waƙar da aka gama, su zare murya, su bar ganga da jitar bes, su cika sauran da amsa-kuwwa. To wannan bawan Allah kuɗi cikakke yake biya don a ba shi faifan da aka cire wa mawaƙi, kamar ka je wurin mai tsire ka ce a kwashe naman a naɗe maka yaji da albasa. Baƙo zai zauna minti goma cikin ladabi, kwanon rufi yana karkarwa, sannan ya ce, “Malam, yaushe za a fara waƙar?” Mai gida ya dube shi da tausayi. Su ma mutanen dub a junansu ba a shiri. Ɓangare guda na Tubby ne, suna rantsuwa da King Tubbys Meets Rockers Uptown, aikinsa da Augustus Pablo na 1976. Ɗaya ɓangaren na Lee Perry ne, suna rungume da Arkology, faifai uku da aka tattara a 1997 daga ayyukan ɗakinsa na Black Ark, ɗakin da shi Perry ya ce da hannunsa ya banka masa wuta. Mabiyansa ba sa ganin wannan a matsayin abin damuwa; hujja ce ma suke kafawa da ita.

Sai direban da ya kamu da faifan kiɗa ɗaya, inda mawaƙa ke bin layi kowa ya hau kan gangar da ɗan'uwansa ya sauka, irin Sleng Teng da King Jammy ya fitar a 1985 daga wani ɗan ƙaramin kayan kiɗa na Casio. Fasinja sai su yi ta roƙonsa ya duba, faifan ya maƙale.

Mai sayen abu ɗaya sau goma kuwa abokin arzikin Trojan ne. Kamfanin ya buɗe a Landan a 1968, ya yi suna da jerin Tighten Up masu araha, kuma bai gaji da sauya wa tsofaffin waƙoƙi riga ba. Sabon kwali, ƙarin waƙa guda, mutuminka ya zaro kuɗi. Israelites ta Desmond Dekker tana kowane lungu na ɗakinsa, amma ya nace cewa wannan bugun ya fi fita tas.

Na ƙarshe ba ya ƙaunar haɗaka sam, wai abincin 'yan koyo ce. Shi sai ƙaramin faifai na asali, bugun Kingston, mai ƙaraf-ƙaraf ɗin allura har ba ka jin mawaƙin sosai. Ka ɗaga katifarsa, za ka tarar da faifan haɗaka The Harder They Come na 1972, mai Jimmy Cliff da Maytals, ya sha sauraro har kwalin ya yage. Zai ce maka na wani abokinsa ne da ya ba shi ajiya.