Ku Matso Kusa, Jikokin Toma

Sannunku da ɗaga gira. Na hango ku, hannu a haɓa, kuna cewa, "Af, ga wata kuma ta zo da labarin mu'ujiza." Ku kwantar da hankalinku, ba man shafewa nake talla ba, ba kuma lambar asusu zan ba ku ba. Mace ce ni da sankarar mama ta kayar, na tashi na karkaɗe zanena.

'Yan boko ne suka fara tare ni: "Mama, tsakani da Allah, addu'a ce ta warkar da ke ko likita?" Ɗana, likita ne ya sa wuƙa ya cire na hagu gaba ɗaya. Aka ɗura mini kemo sau shida, duk bayan mako uku, ya kwashe gashin kaina har da gira, daga nan aka tura ni gashin na'ura. Gashi ya tafi, gashi ya zo. Sai ƙwayar Tamoxifen kullum har shekara biyar. To, ina rigimar take? Luka da ya rubuta Bishara ta uku ai likita ne. Amma ranar kemo na huɗu, da bakina ke ɗanɗanon ƙarfe, ƙanshin daddawa ma amai yake sa ni, babu ƙwayar da ke sa mutum ya ɗaura zane ya koma layi da ƙafarsa. Wannan aikin addu'a ne.

Ku kuma waliyyan benci na gaba, kada ku yi saurin cewa amin. Ku ne kuka raɗa mini wai da bangaskiyata ta cika, da wuƙa ba ta taɓa ni ba. Gwaggona ta ce jifa ne, a nemo mai magani. Kun tuna mini da abokan Ayuba: kwana bakwai suka yi zaune shiru, ta'aziyya ta yi kyau, suna buɗe baki suka ɓata rawarsu da tsalle.

Duk da haka babu wanda ya kai ni iya shakka a cikinku, ku almajirai ne. Ban taɓa shakkar ikon Allah ba, kaina na raina. Na yi watanni ina lulluɓe madubi da ɗankwali. Maigida ya ce na yi kyau, na ce tausayi ne. Aka ce in koma ba da waƙa a Zumuntar Mata, na ce wa zai saurari rabin mace?

Da ƙyar aka ja ni wata Lahadi. Na cusa safa biyu a rigar mama, na daidaita su a hankali kamar mai ɗora tallan ƙwai. Aka buga tulu, aka kaɗa caki, ƙafata ta manta da kunya. Ina juyawa sai safa ta ce ga garinku, ta faɗo gaban kowa, ga ta ma mai ratsin kore. Na so ƙasa ta tsage. Wata dattijuwa ta sunkuya ta ɗauka, ta ce, "'Yata, ga ajiyarki." Sai ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Shafe yake. "Shekara goma sha ɗaya ke nan," in ji ta, ta ci gaba da rawarta.

A daren na koma sura ta 20 ta Bisharar Yohanna. Toma ya rantse ba zai yarda ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshi, bayan kwana takwas kuwa aka nuna masa, ba a kore shi ba. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, Yesu ya tashi daga matattu da tabonsa, da shi ma aka gane shi. In tabo bai rage masa ɗaukaka ba, ni wace ce da zan ɓoye wa madubi nawa? Na yaye ɗankwalin.

To jikokin Toma, tunda gani ya kori ji a wajenku, ga aiki. Kowace mace ta laluba mamanta sau ɗaya a wata bayan al'ada ta ɗauke, har ƙarƙashin hammata. Ba sai Oktoba ta zo an raba ƙyalle ruwan hoda ba. In kin ji ƙulli, ko ba ya ciwo, asibiti za ki nufa, ba wajen mai sakiya ba, domin abin da aka kama da wuri ya fi jin magani. Maza, ku daina murmushi, ku ma sankarar takan kama ku jefi-jefi.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya zo coci ranar Lahadi. Ina layin gaba, ni ke ba da waƙa. Safar kuwa yanzu da fil nake kama ta.