Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Wayar Wuta

Ranki ya daɗe Hajiya Waya, mai ratsa Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa,

Bayan gaisuwa, ya zafin rana, ya ɗawainiyar tsuntsaye?

Labari ya iso mana cewa 'yan uwanki na Turai sun ƙara sana'a. A Italiya tun 2001 kamfanin Enel ya fara kafa mitocin da ke aika lissafi ta cikin wayar wutar kanta, a Faransa kuma mitar Linky ta shiga gidaje sama da miliyan 30. Wuta tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saƙo yana kaɗawa sau dubbai, kowa da layinsa. Ba mai zuwa karanta mita, balle a yi cacar baki a ƙofar gida.

Ke kuwa injiniyoyi sun ce surutu ya yi miki yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa da rediyo a gindin falwaya ya san muryarki: ƙiii, har mai labarai ya ɓace. Mai walda a Bebeji ya ɗosana ƙarfe, kin kwashe. Injin markaɗe ya tashi a Ƙiru, kin kwashe. Cajar waya 'yar araha ma ba ki raina gulmarta. Ga mahaɗar da wani gwani ya murɗa da filaya tana tartsatsi in iska ta kaɗa, ga ƙurar hunturu a kan tangaran ɗin da ke riƙe ki, raɓa na sauka ki kama tsaki har asuba. To ina saƙo zai bi?

An ce da magani. A sa matata ta tare hayaniyar. A datsa saƙon gunduwa-gunduwa a bi da shi hanyoyi da yawa, kamar ɗan kasuwar da ya raba masararsa mota goma, ko ɗaya ta maƙale a Falgore tara sun isa. A haɗa da 'yan lambobin da za su cike abin da ya zube.

Amma a yi miki adalci, akwai lokacin da kike tsit, ko tari babu: in an ɗauke wuta. A wannan fannin kin yi wa Turai fintinkau. Illar kawai, a lokacin mitar ma barci take.

Don Allah Hajiya, ga dam ɗin Tiga nan kusa da ke tun 1974. Ki fara kawo wutar tukuna, surutun ma ji da shi.

Naki,
Mai biyan kuɗin wuta, Tudun Wada