Bayarabena Mai Hawan Dutse, Araba Na Gaishe Ka

Kai Bayarabe, bawan Gobirawa, labarinka ya iso mini. An ce tun da aiki ya jefo ka Araba ba ka da zance sai ƙorafi, wai kai gwanin hawan dutse ne, ga shi an kawo ka ƙasar yashi da faƙo. Har ka kafa katako a saman ƙofa kana reto kowace asuba kamar jemage, don kada yatsu su mutu. Yara na leƙe, tsofaffi na shawarar a nemo maka mai ruƙiyya.

To wane dutse ka taɓa hawa? Olumo na Abekuta? Mita 137 ne kacal, ga matakala, tun 2006 ma aka sa masa na'urar da ke kai mutum sama yana tsaye da babbar rigarsa. Wannan ai yawon buɗe ido ne. Tambayi mutanen Kwatarkwashi ta Zamfara, waɗanda kakanninsu ke hawa dutse su kamo maiki da hannu.

Rashin dutse kuma ba uzuri ba ne. Waɗanda suka fara gasar hawa a wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021 ma bangon da aka ƙera suka hau.

Tunda ni ne ubangidanka, ga magani kyauta. Ƙarfin mai hawa yana yatsu da damtse da kafaɗa. Je rijiya da hantsi ka karɓi guga hannun makiyayi, ka ja igiya har garke ya ƙoshi, tafinka zai yi kanta. Da kaka ka taka tsanin rumbu da damin gero a ka, a nan ake koyon inda ake ajiye ƙafa. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Illela, 'yan dako su aza maka buhun wake ka ɗora a tirelar Kudu, dama cikin danginka za shi.

Sai ka rage teba da manja, domin duk lomar da ka haɗiye hannunka ne zai ɗaga ta sama. Fura ta ishe ka. Kuma kada ka gwada gwaninta a katangar mutane, daga nan har Ƙonni mai hawan katanga suna ɗaya gare shi.

Muharram na tafe, ka tanadi kuɗin sharata.