Kuɗin Iska Ma Ɓarawo Na Son Su

Na ji ku, dattawan majalisar Tudun Wada. Kun ce kirifto kuɗin iska ne, wai abin da hannu bai ƙirga ba bai zama dukiya ba. To Alhaji, ranka ya daɗe, yaushe rabonka da ganin fuskar kuɗinka na banki? Alat kawai kake gani, ka yi hamdala. Kuma wancan yaron naka da ya kwana dangwalar waya lokacin wasan kirifto na Hamster a 2024 yana jiran ta fashe, har yau da ɗan abinsa a ajiye. Sai ka tambaye shi: a ina?

Idan ya ce a manhajar kamfanin musaya, to ajiya ce a ɗakin wani, mukulli kuma na aljihun mai ɗaki. Masu ajiya a FTX sun ga haka a Nuwamban 2022, da kamfanin ya durƙushe da dukiyar jama'a. Binance ma ta rufe hada-hadar naira a Maris na 2024. CBEX kuwa, da ta yi wuf da kuɗin mutane a Afrilun 2025, ba ma'ajiya ba ce tun asali, damfara ce, ƙanwar MMM.

Na ga kana murmushi, Alhaji. Dakata tukuna.

Akwai walat ɗin da mutum ke riƙe mukullinsa da kansa, irin su Trust Wallet, ko ƴar na'urar Ledger wadda mukullin ba ya fita daga cikinta. Sirrin duk yana cikin kalmomi 12 ko 24 da ake ba ka ran buɗewa. Wanda ya san su, shi ke da kuɗin. Amma samarinmu, masu yi wa dattawa dariya, sai su ɗauki hoton kalmomin su bari a waya, gilashi ya fashe, su miƙa wa mai gyara a Farm Centre har da lambar buɗewa, su tafi cin abinci! Maimakon haka, a rubuta kalmomin da biro a takarda, kwafi biyu, a ɓoye wuri daban-daban. Duk wanda ya nemi kalmomin a Telegram, ko da sunan taimako, ɓarawo ne.

Sannan batun gado, wanda na san shi zai tashe ka zaune. In yaro ya riga ka, Allah ya kiyaye, bai bar wasiyyar inda takardar take ba, babu alƙalin da zai iya buɗe walat ɗin. Saboda haka yau bayan isha'i ka kira shi. Ba sai ka yarda kuɗi ne ba, ka dai tambayi inda takardar take.